Zuwa ga Edita: Su Bach da Beethoven sun tafi, su waye suka riƙe musu kiɗansu?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ɗan fili nake roƙo in yi magana akan wani abu da na daɗe ina so in ga an taɓo a shafinku na al'adu amma har yau shiru, wato tsohon kiɗan nan na Turai da ake kira kilasika, kiɗan su Bach da Mozart da Beethoven. Na san da jin haka wani zai ce toh mu ina ruwanmu da Turawan da suka mutu shekara ɗari biyu ɗari uku da suka wuce, wani kuma zai ce shi kiɗa ma gaba ɗaya baya cikin tsarinsa, kuma wallahi ina girmama ra'ayin kowa, amma ni maganata ta tarihi ce, ta yadda aikin ɗan adam yake iya wuce zamaninsa da kuma mutanen da suke tsayawa su hana shi ɓacewa, kuma inaga ko wanda bai taɓa sa kiɗa a kunnensa ba zai samu abin ɗauka a ciki.

Da farko dai wannan kiɗan ba baƙonmu bane kamar yadda muke zato, sunansa ne kawai bamu sani ba. Duk mai kallon gasar Zakarun Turai ya san taken nan da ake sawa in 'yan wasa sun jeru kafin a take leda, wanda yake sa tsigar jiki tashi. Wani Bature ɗan Ingila Tony Britten ne ya tsara shi a 1992, amma a kan kiɗan Handel ya gina shi, wanda Handel ɗin ya rubuta tun 1727 don naɗin sarautar Sarki George na biyu, kuma tun daga lokacin ba a taɓa naɗa sarki ko sarauniya a Ingila ba sai an rera shi, har naɗin Sarki Charles a 2023. Ringin nan na wayar Nokia da duniya kaf ta haddace, daga wani kiɗan gita aka yanko shi wanda Francisco Tárrega ɗan ƙasar Sifen ya rubuta a 1902. Karin taken ƙasar Jamus na Haydn ne, ya yi shi a 1797 kuma ba ma don Jamus ɗin ba, don sarkin da ke mulki a Biyana, babban birnin Austria a yau, ya yi. Ɗan kiɗan nan mai sanyi da wasu motoci suke yi in suna ja da baya ko kayan wasan yara in an danna, sau da yawa na Beethoven ne, Für Elise, wanda ba a ma buga shi ba sai 1867, shekara 40 bayan rasuwar mai shi.

Toh abin da ya fi damuna shine yadda ake ba da labarin. Kullum sai kaji ana cewa ai abu mai kyau baya mutuwa, kiɗan ne yayi daɗi shi yasa ya daɗe. Ni gaskiya ban yarda da wannan ba, don in ka bi tarihin ɗaya bayan ɗaya zaka ga saura ƙiris da yawansu su ɓace ɓat, kuma akwai wanda suka ɓace ɗin ma har abada.

Abu na farko da ya cece su rubutu ne. Wajen shekarar 1025 wani malamin coci a Italiya mai suna Guido ɗan garin Arezzo ya gaji da yadda almajiransa ke kwashe shekaru suna haddar waƙoƙin ibada daga baki, sai ya tsara layuka huɗu a kwance, ana ɗora alama a kan layi ko tsakanin layi, in alamar ta hau sama murya ta hau, in ta sauka murya ta sauka. Daga baya layukan suka zama biyar, aka kuma ƙirƙiro siffar alama da zata gaya maka tsawon lokacin da zaka riƙe sauti, wannan buɗaɗɗiya ce a ja ta, waccan baƙa ce mai jela a wuce da sauri. Shi Guidon ne kuma tushen do re mi fa so la ɗin nan da yara ke rerawa a makaranta. A 1501 wani mai ɗab'i a birnin Benis, Petrucci, ya fara buga littattafan kiɗa da injin. Ka tuna Malam Edita na'urar ɗaukar sauti a sake saurara sai a 1877 Edison ya ƙera ta, kenan babu wani mahaluki a doron ƙasa yau da ya taɓa jin yadda Bach ko Mozart ko Beethoven suke kaɗawa da hannunsu, ko sakan ɗaya babu, duk abin da muke ji daga takarda aka karanto shi.

Amma takarda kaɗai bata isa ba, kamar rubutun allo ne, in babu wanda zai biya maka shi tawada ce kawai a kan itace. Labarin Bach shine babbar hujjata.

An haifi Johann Sebastian Bach a Eisenach ta ƙasar Jamus a 1685, kafin ya cika shekara 10 ya rasa uwa da uba, yayansa ne ya riƙe shi. Yana ɗan shekara 20 ya taka da ƙafa daga Arnstadt zuwa Lübeck, tafiyar kusan kilomita 400, don kawai ya ji wani tsohon gwanin kiɗan ogan, babban kayan kiɗan coci mai bututu, mai suna Buxtehude, an bashi hutun sati huɗu ya share kusan wata huɗu. A 1717 ubangidansa a Weimar ya kulle shi kusan wata guda saboda ya matsa sai an sallame shi ya koma wani aikin, don a lokacin makaɗi bara ne a gidan sarauta, baya tafiya sai da izini. Da ya nemi aiki a Leipzig a 1723 ma ba shi 'yan majalisar garin suke so ba, wani makaɗi Telemann suka fara nema ya ƙi, suka nemi Graupner ubangidansa ya hana shi, sannan aka ba Bach. Shekara 27 yayi a wurin yana koyar da yara yana shirya kiɗan coci, a shekarunsa na farko kusan kowane sati sai ya rubuta sabon kantata, wato waƙar coci ta mawaƙa da makaɗa, a kwafe wa kowane makaɗi nasa ɓangaren da hannu, a yi gwaji, a gabatar ranar Lahadi, Litinin a sake sabon lale. 'Ya'ya 20 ya haifa, 10 ne suka girma.

Da ya rasu a 1750 mutane sun san shi a matsayin gwanin ogan amma salonsa ana ganin ya tsufa, 'ya'yansa sun fi shi suna. Aka raba takardunsa a gado. Ɗansa Carl Philipp Emanuel ya adana nasa kason da kyau, babban ɗan kuma Wilhelm Friedemann talauci ya sa ya riƙa sayar da nasa, da yawa daga nan suka salwanta. Kantata wajen 200 ne suka iso mana kuma an san ya rubuta fiye da haka sosai. Matarsa Anna Magdalena ta mutu a 1760 cikin talauci tana karɓar taimakon hukumar gari, ita da ta zauna ta kwafe masa ayyuka da hannunta, kuma wallahi wannan yana taɓa min zuciya, don shahararren kiɗansa guda shida na celo, babban gogen nan da ake jingina wa a ƙirji, ainihin rubutun hannun Bach ya ɓata, kwafin da matar nan tayi yana cikin abin da duniya ke dogaro da shi yau. Kabarinsa ma babu alama, sai a 1894 aka tono inda ake ganin shine.

Wa ya dawo da shi? Wani yaro ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn. Kakarsa ce ta bashi kyautar kwafin wani babban aikin Bach na labarin shan wahalar Almasihu bisa Linjilar Matta, wanda tun bayan mutuwar Bach kusan ba a ƙara jinsa ba. Yaron ya nace, ya tara mawaƙa da makaɗa, ya rage tsawon aikin, ranar 11 ga Maris 1829 ya gabatar da shi a Barlin, har sarkin Prussia ya halarta, zauren ya cika aka mayar da mutane gida. Daga nan aka farga. A 1850 aka kafa ƙungiya don tattara duk abin da Bach ya rubuta a buga, aikin ya ɗauke su shekara 50 cur. Shi kuma kiɗan celo ɗin ana ɗaukarsa abin gwajin hannu ne na ɗalibai sai da wani yaron, Pablo Casals, yana ɗan shekara 13 ya ci karo da tsohon bugunsa a wani shagon tsofaffin takardun kiɗa a Barcelona a 1890, ya shafe shekara 12 yana bitarsa a ɗaki kafin ya yarda ya kaɗa wa jama'a, sannan tsakanin 1936 da 1939 ya ɗauke su a faifai. Yau babu mai koyon celo a duniya da zai tsallake su. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an samu wanda ya buɗe tulun.

Na Vivaldi ma ya fi ban tausayi. Limamin coci ne mai jan gashi a Benis, ya kwashe shekaru yana koyar da 'yan mata marayu a wani gidan marayu da ake kira Pietà, har makaɗan gidan suka zama abin da matafiya ke zuwa gani daga ƙasashe. Ya rubuta konceto wajen 500, wato kiɗan da galibi makaɗi ɗaya ke jan gaba sauran na mara masa baya, Bach da kansa ya zauna ya kwafi wasu ya mayar da su na ogan don ya koyi salon. Amma ya mutu a Biyana a 1741 ba shi da komai, aka manta da shi kusan shekara 200. A 1926 wata makarantar kwana ta 'yan coci a yankin Monferrato tana neman kuɗin gyara, ta kai tsofaffin littattafai ɗakin karatu na ƙasa da ke Turin a ƙiyasta musu farashi, wani farfesa Alberto Gentili ya duba ya ga ashe tulin rubutun hannun Vivaldi ne, kuma ya lura daga lambobin shafi cewa rabi ne, aka bi diddigin gadon har aka gano sauran a hannun wani dangi a Genoa. Wasu attajirai biyu ne suka biya kuɗin, Roberto Foà da Filippo Giordano, kowannensu ya saya ne don tunawa da ƙaramin ɗansa da ya rasu. Yau kiɗan Vivaldi na yanayin shekara huɗu, wanda aka buga a 1725, shine kake ji a talla da otal da lokacin da kamfani ya ajiye ka a layin waya kana jira.

Schubert ya mutu a 1828 yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600, babban simfoninsa kuma, wato dogon kiɗa na taron makaɗa, yana jibge a gidan ɗan uwansa Ferdinand bai taɓa jin an kaɗa shi a bainar jama'a ba, sai da Robert Schumann ya kai ziyara ya gani ya aika wa Mendelssohn ɗin nan dai, aka gabatar a Leipzig a 1839. Mozart da ya mutu a 1791 yana da shekara 35 ya bar bashi da ayyuka sama da 600, matarsa Constanze ce ta tsaya ta shirya taruka ta biya bashin ta tattara takardun ta miƙa wa masu bugawa, sannan a 1862 wani masanin tsirrai da duwatsu Ludwig Köchel ya jera su da lamba, shi yasa kake ganin harafin K da lamba a gaban kowane aikin Mozart. Zancen cewa wani makaɗin fada Salieri ne ya sa masa guba kuwa jita-jita ce da masana tarihi suka yi watsi da ita, Salierin ma shi ya koyar da ɗan Mozart daga baya.

Hanya ta biyu da abin ya bi ita ce daga malami zuwa ɗalibi, kuma su kansu manyan basu taɓa ɓoye cewa a kafaɗar wasu suka hau ba. Bach ya haɗa wani littafi a 1722 mai kiɗa 24 bibbiyu, ɗaya a kowane maɓallin sauti, kowanne da irin salon nan da ake kira fuga. Yadda fuga take shine murya ɗaya ta fara wani ɗan kari, kafin ta gama ta biyu ta shigo da karin nan ɗin a wani mataki, ta uku ta biyo, wani lokacin har ta huɗu, kowacce tana tafiyarta amma babu mai taka wata, kuma duk mutum ɗaya ne ke yi da yatsu goma. Ba a buga littafin ba sai shekara 50 bayan mutuwarsa, hannu da hannu ake kwafarsa, kuma irin wannan kwafin ne malamin Beethoven a Bonn, Neefe, ya ɗora wa yaron a gaba yana ɗan shekara 11 ko 12. Mozart ma a 1782 duk Lahadi yana zuwa gidan wani basarake van Swieten inda ake kaɗa tsofaffin ayyukan Bach da Handel, kuma kana iya jin yadda rubutunsa ya ƙara nauyi bayan nan. Shi da Haydn abokai ne duk da tazarar shekara 24, har Mozart ya sadaukar masa da kiɗa shida na goge huɗu a 1785. Beethoven ya zo Biyana a 1792 ya zauna gaban Haydn, shi kuma ya koyar da Czerny, Czerny ya koyar da Liszt, Liszt ya koyar da ɗaruruwa, har gobe akwai malaman fiyano da zasu iya jero maka silsilar malamansu har zuwa Beethoven.

Bari in ɗan tsaya kan Haydn don akwai labarinsa da nake so. Kusan shekara 30 yayi yana bauta wa gidan sarautar Esterházy sanye da kayan barori. A 1772 yariman ya daɗe a fadarsa ta ƙauye a Hungary ya ƙi komawa gari, makaɗa kuma an hana su zuwa da iyali, duk sun ƙosa amma wa zai tunkari mai gida. Haydn sai ya rubuta simfoni wanda a ƙarshensa makaɗi zai gama nasa ɓangaren ya hure kyandirin gabansa ya ɗauki kayansa ya fita, wani ya biyo, wani ya biyo, har ya rage masu goge biyu kacal a cikin duhu. Yariman ya gane saƙon, aka ba da umarnin komawa gida.

Shi kuwa Beethoven, in ana neman shaidar ƙarfin rubutu to gashi. An haife shi a 1770, kafin ya kai 30 kunnensa ya fara mutuwa, a 1802 ya rubuta wa 'yan uwansa wasiƙa daga ƙauyen Heiligenstadt yana faɗin yadda yake gudun mutane don kunyar a ce makaɗi kurma ne har ya yi tunanin kashe kansa, aikinsa ne ya riƙe shi, bai aika wasiƙar ba sai bayan mutuwarsa aka same ta. A ƙarshen rayuwarsa baƙi rubuta masa magana suke a ɗan littafi shi kuma ya amsa da baki. A wannan halin ya rubuta simfoni na tara, sama da awa guda na kiɗa, makaɗa da mawaƙa masu ɗimbin yawa, duk a cikin kansa yake jin su yana zubawa a takarda. Ranar 7 ga Mayu 1824 aka fara gabatarwa a Biyana, yana tsaye a gaba yana kaɗa hannu yana juya shafi, amma ainihin jagoran makaɗan, Umlauf, ya riga ya gaya musu su bi nasa hannun. Da jama'a suka ɓarke da tafi shi bai sani ba ya ba su baya, sai da wata matashiyar mawaƙiya Caroline Unger ta juyo da shi ya ga hannuwa da huluna da hankici a sama. Ya rasu a 1827, dubban mutane suka raka gawarsa, Schubert na cikin masu riƙe da fitila.

Karin ƙarshe na wannan simfonin, wanda aka ɗora wa waƙar marubucin Jamus Schiller mai cewa dukkan mutane 'yan uwan juna ne, shine Majalisar Turai ta ɗauka a matsayin take a 1972, ƙasashen da suka zama Tarayyar Turai suka bi a 1985. Bayan faɗuwar katangar Barlin, a Disambar 1989, Leonard Bernstein ya jagoranci makaɗa daga gabas da yamma suka kaɗa shi a birnin. A Japan fursunonin yaƙi Jamusawa ne suka fara kaɗa shi a sansanin Bando a 1918, yau ya zama al'adar ƙarshen shekara, a Osaka mutum 10,000 ke haɗuwa su rera. Amma kar a ce na ɓoye ɗaya gefen, don bana son a mayar da waɗannan mutane waliyyai. Wannan kiɗan dai aka kaɗa a Barlin a 1942 don bikin ranar haihuwar Hitler, kuma shi gwamnatin farar fata ta Rhodesia ta mayar taken ƙasa a 1974 tana danne baƙar fata. Wagner da ya canza yadda ake opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, mutum ne mai ƙiyayyar Yahudawa a fili, har rubutu yayi yana sukar Mendelssohn. 'Yan Nazi sun haramta kiɗan Mendelssohn saboda asalinsa na Yahudawa, suka rushe mutum-mutuminsa a Leipzig a 1936, mutumin da ya dawo wa Jamus da Bach ɗinta. Farfesa Gentili da ya gano Vivaldi shima dokar wariya ta Mussolini ta raba shi da aikinsa a 1938.

Wannan shine ya kawo ni kan waɗanda ba a riƙe ba, kuma nan ne zuciyata ta fi tsayawa. In kyau kaɗai ne ke tsirar da aiki me ya sa sai yanzu ake jin Joseph Bologne, wanda ake kira Chevalier de Saint-Georges? An haife shi a Guadeloupe a 1745, uwarsa baiwa ce 'yar asalin Afirka, ya zama gwanin goge da takobi a Faris, ƙungiyar makaɗansa ce ta sa Haydn ya rubuta simfoni shida na Faris kuma shi ya jagoranci gabatar da su, amma da aka so bashi shugabancin gidan opera a 1776 wasu manyan mawaƙa mata suka kai ƙara cewa bazasu karɓi umarni daga ruwa biyu ba. George Bridgetower baƙar fata ne mai goge, shi da Beethoven suka fara kaɗa wani shahararren sonata a 1803, suka samu saɓani Beethoven ya cire sunansa ya sa na Kreutzer wanda bai taɓa ma kaɗa shi ba, har yau da sunan Kreutzer ake kiransa, Bridgetower ya mutu a Landan a 1860. Fanny yayar Mendelssohn ta rubuta ayyuka sama da 400 amma iyali suka ce ba aikin mace bane, wasu waƙoƙinta da sunan ƙaninta aka buga. Florence Price ita ce baƙar fata mace ta farko da babbar ƙungiyar makaɗa a Amurka ta kaɗa simfoninta, a Chicago a 1933, ta rasu a 1953 aka manta, sai a 2009 wasu ma'aurata da suka sayi wani kangon gida a jihar Illinois zasu gyara suka tarar da tulin takardu da sunanta a ɗakin da rufinsa ya lalace. Da a ce sun kwashe sun zuba a bola shikenan. A 2022 faifan simfoninta da makaɗan Philadelphia suka yi ya ci kyautar Grammy. Akwai Samuel Coleridge-Taylor wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, akwai Fela Sowande ɗan Najeriya da ya ƙware a ogan a Landan ya riƙa saka karin Afirka ta Yamma cikin kiɗan goge irin na Turai, duk sun cancanci a san su.

Game da tasiri kuwa baya tsaya a kan ringin waya ba. Tsarin nan na haɗa sauti uku su tafi tare, a bar gida a yi yawo a dawo gida, wanda mai kibod a situdiyo yake dannawa yau ba tare da tunani ba, a zamanin su Bach ya zauna da gindinsa. Kiɗan fim kuma kai tsaye daga Biyana ya je Hollywood, su Max Steiner da Erich Korngold can suka taso can suka yi karatu, suka ɗauki dabarar Wagner ta ba kowane jarumi ko mugu nasa ɗan karin da zaka ji ka san ya kusa fitowa, kuma har yau da ita ake aiki. Dvořák da ya je New York a 1892 ya zauna yana sauraren waƙoƙin bayi daga bakin wani ɗalibi baƙar fata Harry Burleigh, ya gaya wa Amurkawa nan tushen kiɗanku yake. Nina Simone da Bach ta taso kuma kana jinsa a yatsunta. A 1977 da aka harba kumbon Voyager guda biyu an maƙala musu faifan zinare na sautukan duniya, Bach ya samu gurbi uku, Beethoven biyu, Mozart ɗaya.

Abu ɗaya da zan roƙi iyaye, a daina yarda da tallan nan na cewa kiɗan Mozart yana ƙara wa jariri ƙwaƙwalwa. Binciken da ya jawo maganar a 1993 a wata jami'a a California aka yi shi, kan ɗaliban jami'a ne ba jarirai ba, sun saurara na minti 10 suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin siffofi, kuma cikin kwata na awa abin ya gushe. 'Yan kasuwa ne suka hura shi.

Toh Malam Edita roƙona shine ko sau ɗaya a wata ku ware ɗan gurbi a kawo tarihin ɗaya daga cikin mutanen nan da Hausa, a haɗa da waɗanda aka danne irin su Price da Saint-Georges, a bayyana wa mai karatu me zai saurara kuma me zai sa wa kunne, don yawancin masu cewa abin gundura ne ba a taɓa nuna musu ta inda ake shiga bane, an jefa su cikin simfoni mai awa guda. Yanzu abin ma ba tsada, yawancin ayyukan nan sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, takardunsu na nan kyauta a intanet, sautin kuma yana YouTube. Wanda yake so ya gwada ya fara da buɗewar kiɗan celo na farko na Bach, bai kai minti uku ba, ya sa abin kunne ya bi sautin ƙasa yadda yake riƙe da sauran, in ya ji ya zauna masa sai ya wuce kashi na biyu na simfoni na bakwai na Beethoven, wanda ranar da aka fara kaɗa shi a 1813 jama'a suka nace sai da aka maimaita musu. In kun buɗe gurbin ni a shirye nake in riƙa turo abin da ya sawwaƙa, kuma na tabbata akwai malaman kiɗa a cikin masu karatunku da zasu ba da tasu gudummawar.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum.